A-kori-kurar 1969 da birkin 1975: yadda aka sauya wa Chevrolet C10 birki daga diram zuwa faifai

Motar Chevrolet C10 ce ƙirar 1969, mai doguwar bodi da inji mai silinda takwas, kuma tun da ta fito daga masana'anta a Amurka ba a taɓa sauya mata tsarin birki ba. Diram ne gaba da baya, babu busta, wato na'urar da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi in an taka birki, ƙarfin ƙafar direba kaɗai ke tsayar da ita. Mai ita gadonta ya yi daga kakansa manomi, kuma bai ajiye ta don ado ba. Yana jan ƙaramar tirela da ita, ya ɗauko itace ko ciyawar dawaki. Wata rana yana saukowa daga doguwar gangara da tirela cike, ya ji yana taka birki motar ba ta amsawa yadda ta saba. Da ƙyar ya tsaya a gefen hanya, ƙafafun gaba na ƙauri. Daga ranar ya ƙudura zai sa mata birkin faifai a gaba.

Abin da ya same shi halin diram ne. Diram kamar tukunya yake a rufe, shu biyu masu kama da rabin wata suna tura bangonsa daga ciki. Zafi in ya taru ba shi da mafita, ƙarfen ya buɗe ya yi nesa da shu, shu ɗin kuma ya daina kamawa. Faifai a fili yake, iska na ratsa shi, kalifa kuma, wato ƙarfen da ke matse shi, cije shi take daga gefe biyu, don haka ko ya yi zafi ba ya guje mata. In an shiga ruwa ma nan da nan yake watsar da shi. Kamfanin General Motors da kansa ya gane haka, shi ya sa daga ƙirar 1971 ya mai da faifai birkin gaba na dindindin a C10. Motar mutuminmu shekara biyu kacal ta rasa.

Wannan kusancin shi ke ruɗin mutane. Daga 1967 zuwa 1972 jikin motar kusan ɗaya ne, wanda bai sani ba sai ya ɗauka kwance diram za a yi a ɗaura faifai a tashi. Ba haka ba ne. Sifindil ɗin 1969, wato ƙarfen da ƙafar gaba ke juyawa a kansa, ba shi da kunnuwan da za a ɗaura kalifa. Dole a canza shi. Shi kuwa sifindil ba shi kaɗai yake zaune ba: sama da ƙasa boljoyin ne ke riƙe da shi, a gefe tayarod, sandar da ke zuwa daga sitiyari, ne ke jan shi, a kan sandarsa boris biyu ne da faifai. Ka taɓa shi, ka taɓa su duka.

Hanyoyi uku ne a gabansa. Ya nemo kayan 1971 ko 1972, waɗanda su suka fi kusa amma shekara biyu kawai aka yi ana ƙera su, sun yi wuya. Ko ya ciro daga ƙirar 1973 zuwa 1987, mai jiki kamar akwati, wadda aka ƙera da yawa har ta cika wuraren sayar da matattun motoci. Ko kuma ya sayi sabon saiti daga kamfanonin da ke ƙera kayan tsofaffin motoci, wanda aka yi sifindil ɗinsa don ya karɓi boljoyin da tayarod na asali. Ya zaɓi ta biyu saboda araha. Ban ga laifinsa ba, hanya ce da mutane da yawa suka bi suka ji daɗi. Inda ya yi sake shi ne wajen tambaya.

Sifindil ɗin da ba a san shekararsa ba

Ya samu sifindil biyu a wajen wani mai kwance motoci, an riga an ciro su an jingine a kan kanta, da guntayen tiyo da ƙusoshinsu a cikin leda. Mai sayarwa ya ce daga mai jikin akwati suka fito, rabin tan, mai jan ƙafa biyu. Shekara kuwa bai riƙe ba. Mutuminmu ya biya, ya wuce shagon kayan gyara, aka tambaye shi shekara ya ce 1975, don ya ji an ce duk ɗaya ne daga 1973 zuwa 1987. Aka ba shi faifai biyu, kalifa biyu, fad (abin da kalifa ke danna wa faifai), boris da sil.

A gida ya wanke sifindil, ya shafa giris, ya zura faifai. Faifan ya ƙi zama daidai a kan sandar. Ya gwada ɗora kalifa, ita ma ta ƙi faɗawa inda ya kamata. Ya kwance ya sake, ya zargi boris, ya koma shago aka duba lamba aka ce boris daidai yake da 1975. Kwana biyu yana wannan fama kafin ya kwashi komai ya kai wa wani tsohon bakanike da ya daɗe yana aikin waɗannan motoci.

Bakaniken bai ko ɗaga sifana ba. Ma'auni ya ɗauko ya auna kaurin faifan, inci ɗaya da kwata. Ya juya sifindil ɗin ya duba, ya ce wannan na faifai mai kaurin inci ɗaya ne. A cikin shekarun 1980 kamfanin ya riƙa fitar da C10 da birkin gaba iri biyu, mai nauyi da faifan inci ɗaya da kwata, da mara nauyi da faifan inci ɗaya. Faɗin faifan kusan inci 12 ne a duka biyun, daga nesa ba ka bambance su. Amma kowanne da sifindil ɗinsa, kowanne da kalifarsa, ba sa aron juna. Kama da wane ba ta wane.

Nan aka tsaya shawara. Ko a mayar da faifai da kalifa a karɓo na inci ɗaya, ko a riƙe su a nemo wani sifindil. Mai motar ya fi son na farko don ya fi sauƙi. Bakanike ya tuna masa dalilin da ya kawo shi: gangara da tirela. Birki aikinsa mai da gudu zafi, faifai mai kauri kuma ya fi ɗaukar zafi kafin ya gaji. Da motar yawon yamma ce da babu komai, na inci ɗaya ya ishe ta. A ganina shawarar nan ita ce mafi tsada a duk aikin, don a kan abin da motar ke yi aka gina ta, ba a kan abin da ke hannu ba. Aka mayar da sifindil, aka samo wasu daga motar 1975 da har yanzu take tsaye da lambarta a jiki, aka ciro su a gaban idonsa.

Daga nan gaban motar ya zama na 1975, kuma duk abin da zai shiga cikin sifindil dole ya bi wannan shekarar. Sandar boljoyin tana da tsini kamar turmi da taɓarya, ramin sifindil an sassaƙa shi daidai da ita. Ta 1969 ba ta cika ramin 1975 yadda ya kamata. Za ta shiga, noti ma zai ɗauru, kuma nan haɗarin yake, domin abin da ya shiga bai zauna ba wasa zai riƙa yi a ciki har ya cinye ramin ko ya karye. Aka sayi boljoyin sama da ƙasa na sabuwar shekarar aka sa a hannuwan motar na asali. Tayarod na waje ma haka, sai dai zarensa ya fi na tsohon kauri, ya ƙi shiga hannun rigar da ke haɗa shi da na ciki. Akwai hannun riga na musamman da ake sayarwa mai zare iri biyu, gefe ɗaya na tsoho gefe ɗaya na sabo. Shi aka sa.

Ƙusa biyar gaba, shida baya

Wannan kam mai motar ya san da ita tun farko, ya dai ɗage tunaninta ne. C10 har zuwa 1970 ƙusoshin taya shida gare ta a kan da'irar inci biyar da rabi. Daga 1971 aka koma biyar a kan da'irar inci biyar, wato milimita 127. Faifan 1975 biyar ne, aksul ɗin baya na 1969 shida. In aka bar ta haka, safaya biyu za ta riƙa ɗauka. Wanda ya saba da Hilux mai jan ƙafa huɗu ya san tsarin shidan nan, shi ne milimita 139.7, ko da yake daidaiton ƙusoshi ba ya nufin rim ɗin wannan zai zauna a kan waccan, akwai ramin tsakiya da zurfin rim da za a duba.

Ana sayar da faifai mai ƙusa shida ga wanda ke son riƙe tsofaffin rim. Amma da aka gwada rim ɗinsa na ƙarfe mai inci 15 a kan kalifa, cikinsa ya goge ta. An ƙera shi ne lokacin da diram ke ƙarƙashinsa, babu wanda ya bar wa kalifa wuri. Tunda rim zai canzu ko ta yaya, sai aka sa wa bayan sandunan aksul masu ƙusa biyar da diram ɗinsu, aka sayi rim biyar iri ɗaya. Kuɗin da ya yi zaton ya tsira da su wajen guje wa sabon saiti, a nan yawancinsu suka tafi.

Masta

Aka gama ɗaure komai, aka cire iska, ya fita gwaji da tsohuwar mastarsa, wato famfon da ke tura man birki zuwa ƙafafu in an taka feda. Hujjarsa ita ce bara ya canza ta, ba ta yoyo, kuma mai gida biyu ce kamar yadda motocin suka koma tun 1967, gida ɗaya na gaba ɗaya na baya. Bai yi kilomita goma ba ya ji motar ta yi nauyi kamar ana riƙe ta. Ya tsaya ya kai hannu kusa da rim na gaba, zafi ya kore shi. Ya ɗaga ta da jak, taya ta ƙi juyawa da hannu sai da ƙarfi.

Mastar diram ta wancan zamani tana da ɗan bawul a bakin kowane bututu wanda ke riƙe matsin kusan psi 10, wato laba 10 a kan kowane murabba'in inci, ko bayan an ɗaga ƙafa. A diram amfani yake yi: sifirin masu ƙarfi na jan shu baya, ɗan matsin nan kuma yana riƙe robobin silindar ƙafa a buɗe kada iska ta shiga. Kalifa ba ta da sifirin. Abin da ke mayar da fistin ɗinta baya roba ce kawai mai kusurwa huɗu, wadda ke ɗan lanƙwashewa in an taka, ta miƙe in an saki. Fistin ɗin wannan kalifar faɗinsa inci 2 da 15/16, fuskarsa ta kai murabba'in inci 6.8. Ka ninka da goma, ka samu laba 68, wajen kilo 31, suna danne fad a kan faifai dare da rana. Robar nan ba ta iya ture wannan.

Akwai kuma batun tanki. Fad na cinyewa fistin na ƙara fitowa, kuma ba ya komawa, man birki ne ke cike gurbin da ya bari. Shi ya sa mastar faifai da diram take da babban gida ɗaya da ƙarami ɗaya. Ƙaramin gidan mastar diram zai iya yin ƙasa sosai kafin fad ya ƙare, direba bai sani ba.

Ya koma shago ya ce a ba shi mastar 1975. Aka ba shi mai faɗin inci ɗaya da ɗaya bisa takwas, wadda aka yi don mota mai busta. Riƙewar ta tafi, sai ga sabuwar matsala: feda ta yi tauri kamar ana taka dutse, mota kuma ba ta tsayawa. An gudu ba a tsira ba. Ya fara cewa ashe diram ɗin ma ya fi.

Ta wani gefen gaskiya ya faɗa. Diram yana taimakon kansa, juyawar tukunyar na jan shu ta ƙara cusa shi, don haka ɗan matsi ya ishe shi. Faifai ba ya wannan, abin da ka ba shi shi zai yi, kuma tsayawar gaggawa tana neman matsi wajen psi 1,000. Lissafin kuwa ba shi da wuya. Fedar mota mara busta tana ninka ƙarfin ƙafa kusan sau shida. Ka taka da laba 100, sandar masta ta samu 600. Masta mai inci ɗaya fuskar fistin ɗinta murabba'in inci 0.785 ce, matsin ya zama psi 764. Mai inci ɗaya da ɗaya bisa takwas fuskarta 0.994, matsin ya faɗo 604. Mutane da yawa suna zaton babbar masta ita ce babban birki. Mai take turawa da yawa, amma da rauni. Ƙarama tana ba da matsi, sai dai feda ta yi tafiya mai nisa.

Saura zaɓi: masta mai inci ɗaya babu busta, ko a riƙe babbar a sa busta. Busta da zuƙar iskar inji take aiki, tana son wajen inci 18 a ma'aunin zuƙa lokacin da inji ke sulo. Injin da aka sa wa kamshaf na tsere ba ya ba da haka, shi ya sa wasu ke sa busta su ce ba ta aiki. Bakanike ya jona ma'auni, injin mutuminmu na asali ne, allura ta tsaya inda ake so. Aka sa busta. Kafin a ɗaure masta a jikinta ya auna tazarar da ke tsakanin sandar busta da fistin, wadda bai kamata ta wuce kusan rabin milimita ba. In sandar ta yi tsawo za ta danne fistin ya toshe ramin da mai ke komawa tanki, birki ya sake riƙewa kamar da. In ta gajarta, feda ta yi lilo kafin ta kama. Ya duba bayan fistin ɗin ma, domin wasu mastocin raminsu mai zurfi ne wasu mara zurfi, kuma kowanne da irin sandarsa.

A ƙarƙashin masta aka cire tsohon ƙarfen raba mai aka sa bawul ɗin faifai da diram mai aiki uku. Yana ɗan jinkirta gaba har shu na baya ya shawo kan sifirin ɗinsa, yana kunna fitilar gargaɗi in gida ɗaya ya zubar da mai, sannan yana rage matsin baya in an taka da ƙarfi. Na ukun nan a a-kori-kura ba abin wasa ba ne. Bodi in babu kaya bayanta ba nauyi, ana taka birki nauyin ya ƙara komawa gaba, ƙafafun baya su kulle, mota ta juya da kai.

Ƙananan abubuwa biyu suka kusa ɓata aikin. Wajen canza tiyo, mai motar ya zaro ƙusar da ke cikin ledar nan ta farko, mai rami a tsakiya wadda mai ke bi, ya fara murɗa ta a kalifa. Ta shiga da sauƙin da ya wuce kima, tana rawa. Bakanike ya riƙe hannunsa. Ƙusar milimita 10 ce ta kalifar shekarun 1980, ramin 1975 kuwa na inci 7/16 ne, milimita 11 da ɗoriya. Da ya ɗaure ta da sifana, da zaren ya tafi. Aka kawo ta daidai, da sababbin washa na jan ƙarfe biyu-biyu. Na biyun kuma, bayan an mayar da kalifa aka yi ta cire iska feda na nan kamar soso. Ashe ta dama ya sa a hagu. Suna ɗauruwa lafiya lau a kowane gefe, amma ƙusar cire iska ta koma ƙasa, iska kuwa sama take taruwa. Aka musanya su, minti goma feda ta tsaya.

Man birki nau'in DOT 3 aka zuba, wanda sabonsa ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salshiyas. DOT 4 ma zai yi, nasa 230 ne, kuma suna haɗuwa. DOT 5 na silikon ne ba a gauraya shi da su. Bututun da aka sake duk na ƙarfe ne mai baki ninki biyu. Aka juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe a ga tiyo bai miƙe ba bai goga taya ba, aka kai ta saitin ƙafa tunda boljoyin da tayarod duk sababbi ne.

A wata hanya da babu kowa suka zaunar da fad: a ɗauki gudu matsakaici, a taka har ta kusa tsayawa, a saki, sau takwas zuwa goma, sannan a yi tafiya ba birki har faifai ya huce. Daga nan suka hau tsakuwa da bodi wayam suka taka da ƙarfi, bakanike na tsaye a gefe yana kallon ƙafafu. Na gaba suka fara ja kafin na baya. Washegari aka ɗaura tirela cike da itace aka koma gangarar nan, ya sauko da giya ta biyu yana taɓa birki jefi-jefi, feda ba ta sauya ba har ƙasa.

Kafin ya ba shi makulli, bakaniken ya yagi bayan kwalin fad ya rubuta da biro: sifindil, faifai mai inci ɗaya da kwata, kalifa, fad, boris, sil, boljoyin, tayarod na waje da masta, a nemi na C10 1975. Tayarod na ciki da hannuwan gaba, 1969. Ƙusar tiyo 7/16. Diram na baya ƙusa biyar, ya kwafe lambar da ke jikin kwalinsa. Ya sa takardar a leda ya jefa cikin aljihun dashbod, tare da takardun motar.